Ƙirgar ƙwari a gona ko zaman tantance GMO: wacce hanya za ka fara bi?

In ka karanta ilimin ƙididdiga, ko kuma ilimin halittu ka karanta amma lissafi bai taɓa ba ka tsoro ba, akwai wata mararraba da za ka iso bayan digiri na biyu wadda ba a cika yin bayaninta a aji ba. Hanya ɗaya ta kai ka binciken muhalli, wato ka zama mai lissafin da ke zaune cikin masu nazarin ƙwari da ciyayi da tsuntsaye, kai ke tsara musu gwaji kai ke fassara musu lambobi. Ɗayar kuma ta kai ka aikin tantance haɗarin amfanin gonar da aka sauya wa ƙwayoyin halitta, GMO dai da kowa ya sani, inda aikinka shi ne ka duba fayil ɗin da kamfani ya kawo ka ce hujjarsa ta isa ko ba ta isa ba. Daga nesa kaman abu ɗaya ne, ai duk gona ce duk lissafi ne. Toh ba haka bane, yanayin aikin daban, irin tambayar da ake maka daban, har irin ciwon kan ma daban. Ni dai bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu kar in ja ka da nisa: in kana da zaɓi, fara da gona. Amma akwai mutanen da wannan shawarar za ta cutar, zan zo kansu.

Hanyar farko tsohuwa ce, kuma in ana maganarta dole a ambaci Rothamsted, cibiyar binciken noma da ke Harpenden a arewacin Landan. A can ne John Bennet Lawes da Joseph Henry Gilbert suka fara gwajin alkama a gonar Broadbalk a 1843, kuma har yau ana shuka alkama a wannan gonar ana auna ta, sannan a 1856 suka fara na ciyawa a Park Grass. Lambobi suka yi ta taruwa shekara da shekaru ba wanda ya san yanda zai yi da su sosai, sai a 1919 aka ɗauko Ronald Fisher aka ce ya duba ko za a iya tatso wani abu daga ciki. Daga zamansa a can har 1933 aka samu yawancin abinda yau ake koyarwa kaman dama can haka Allah ya yi shi, raba fuloti ta hanyar ƙuri'a maimakon mai gwaji ya zaɓa da idonsa, maimaita gwaji a fuloti da yawa, da hanyar rarraba bambanci a gano nawa ne daga taki nawa ne daga ƙasa nawa ne kawai sa'a. Bayansa Frank Yates ya riƙe sashen, daga baya John Nelder, wanda shi da Robert Wedderburn a 1972 suka fitar da tsarin lissafin da har yanzu da shi muke sarrafa ƙirge-ƙirge irin na ƙwari. Abinda nake so ka lura da shi a nan shi ne duk waɗannan mutanen matsalar gona ce ta tilasta musu ƙirƙiro lissafin, ba wai sun ƙirƙiro shi a ofis ba sannan suka fita neman inda za su gwada.

Toh yaya ranar aiki take? Bari in nuna maka kusa. An binne kofuna a ƙasa bakinsu daidai da doron ƙasa, an ɗan zuba ruwan da zai riƙe duk ƙwaron da ya faɗa, a ce kofi 60 a gona ɗaya, bayan sati biyu a kwaso. Wani ya zauna da madubin ƙara girma ya ware su jinsi jinsi, wannan kaɗai yana cin makonni. Sai a turo maka tebur a kwamfuta, ka buɗe ka ga sifili, sifili, sifili, 2, sifili, 147, sifili, 1. Wannan 147 ɗin ita ce rayuwarka. Kuskuren rubutu ne? Ko kofin yana kusa da shingen gona ne inda ƙwarin ke fakewa? Ko dama haka jinsin yake, cunkushewa yake wuri ɗaya? In baka taɓa taka gonar ba wallahi ba za ka iya amsawa ba, kuma lissafin da aka koya maka na abubuwan da ke taruwa kusa da matsakaici, irin tsayin mutane, ba ya aiki a nan ko kaɗan. Halittu ba sa bazuwa daidai wa daida. L. R. Taylor, shi ma a Rothamsted, ya nuna a 1961 cewa yayin da matsakaicin yawan halitta ke ƙaruwa, warwatsuwar ƙirgen ma ƙaruwa take bisa wata ƙa'ida da ake iya zanawa, kuma kusan kullum ta fi abinda za ka samu in da a ce bazuwar ta sa'a ce kawai. Ma'anarsa a aikace ita ce kofi 60 ɗin nan naka ba su ba ka tabbacin da kake zato ba. Shi ne kuma ya assasa binciken ƙwari na cibiyar a 1964, da tarkunan zuƙo iska masu tsayin mita 12.2 da ke kama darɓa tana shawagi, da tarkunan fitila na ƙwarin dare, har yanzu suna aiki.

Daɗin wannan hanyar shi ne tambayar taka ce. In ka ga wani abu bai zauna maka ba kana iya binsa shekara biyar ba wanda zai ce ka tsaya, in dai kana da kuɗin binciken. Joe Perry, wanda ya yi kusan shekara 30 a Rothamsted, haka ya bi matsalar cunkushewar ƙwari har ya fitar da hanyar da ake kira SADIE a 1995, dabarar mai sauƙin fahimta ce: ka lissafa jimillar nisan da ƙwarin za su yi tafiya kafin su bazu daidai a ko'ina cikin gonar, in nisan ya yi yawa fiye da abinda sa'a za ta bayar toh cunkushe suke, har ka zana taswira ka nuna inda suka taru da inda suka bar fili. Irin wannan abin, ka ƙirƙiri hanya mutanen da baka taɓa gani ba su riƙa amfani da ita kan cututtukan shuka da ciyayi, a wannan hanyar kaɗai ake samunsa.

Rashin daɗinta ma ba ɓoyayye bane. Na ɗaya jira, damina ɗaya ce a shekara a yawancin wurare, in ruwa ya ɓata maka gwaji sai baɗi. Na biyu kuɗi, bayan digiri na uku yawanci kwantiragi ne na shekara biyu ko uku, kana tsakiyar wannan kana rubuta neman tallafin na gaba, wani ya kai shekara arba'in bai san garin da zai zauna ba. Na uku kuma wanda ba a faɗa, mai lissafi sau da yawa sunansa a tsakiyar jerin marubuta yake, kuma ba a kiransa sai bayan an gama ɓarna. Ni kaina an taɓa kawo min aikin shekara biyu, mutumin ya yi feshi a gona ɗaya ya bar wata gona ɗaya ba feshi, ya ɗebi samfur 40 a kowacce, yana murna wai yana da maimaici 40. Sai da na zaunar da shi na ce malam gona biyu gare ka, maimaicinka ɗaya ne tak, duk bambancin da ka gani yana iya zama na ƙasar ne ko na gangaren ruwa, ba ruwan feshi. Bai ƙara gaishe ni da fara'a ba har na bar wurin. Wannan kuskuren sananne ne ƙwarai, Stuart Hurlbert ya yi dogon rubutu a kansa tun 1984 ya nuna yanda ya cika binciken muhalli, amma har gobe ana yi, kuma kai za a bari da isar da mummunan labarin.

Kafin in tsallaka hanya ta biyu bari in tsaya kan wurin da hanyoyin biyu suka haɗu, don a nan ne za ka gane dalilin da nake cewa fara da gona. A ƙarshen shekarun 1990 rigimar GMO ta yi zafi a Birtaniya, gwamnati ta ɗauki nauyin wani gagarumin gwaji a gonakin manoma na gaske, ba a fulotin cibiya ba. Iri ne da aka sauya don su jure maganin kashe ciyawa: suga bit, wato tushen nan da ake yin sukari da shi, da kanola, wato shukar da ake matse mai daga irinta, ta bazara da ta hunturu, da masara. Kowace gona aka raba biyu, rabi irin da aka saba da feshin da manomin ya saba, rabi irin GMO da nasa maganin, wane rabi zai samu wanne kuma ƙuri'a ce ta yanke. Gonaki wajen 60 zuwa 70 ga kowane amfani, kuma ba da ka aka zaɓi wannan adadin ba, masu lissafi, har da Perry, sun zauna tun da farko suka lissafa gonaki nawa ake buƙata kafin a iya hango bambanci na ninki ɗaya da rabi in har yana nan. Les Firbank ne ya jagoranci haɗakar masu binciken. Aka ƙirga ciyayi, irin ciyayi da ke zuba ƙasa, ƙudan zuma, malam buɗe littafi, ƙwarin ƙasa, komai. A Oktoban 2003 sakamakon ukun farko ya fito, na kanolar hunturu kuma a 2005.

Ga abinda aka samu, kuma a nan gizo ke saƙa. A suga bit da kanolar bazara ɓangaren GMO ya fi ƙarancin ciyawa da irin ciyawa, saboda haka malam buɗe littafi ya ragu, abincin tsuntsayen gona ma zai ragu. A masara kuwa sai abin ya juye, ɓangaren GMO ya fi ciyawa. Me ya sa? Saboda masarar da aka saba a lokacin yawanci atarazin ake fesa mata, magani mai ƙarfi da ke daɗewa a ƙasa, wanda Tarayyar Turai ta zo ta hana ba da jimawa ba. Wato abinda aka auna a zahiri tasirin tsarin feshi ne, ba wai ita ƙwayar halittar da aka saka ce ke kashe ƙwari ba, kuma amsar ta dogara kacokan kan da me ka kwatanta. Kowane ɓangare ya ɗauki abinda ya masa daɗi ya kai jarida. Wanda ya san gona ya san dole ya tambaya me aka fesa a ɗaya rabin, wanda lambobi kawai ya sani sai ya ce masarar GMO ta fi kyau ga muhalli ya rufe fayil.

Hanya ta biyu yanzu. Da farko ka cire wani ruɗu daga kanka, zama a kwamitin masana ba aikin da ake ɗaukar sabon ɗalibi bane. A Turai hukumar da ke tantancewa ita ce EFSA, an kafa ta a 2002, mazauninta a Parma ta Italiya, kuma 'yan kwamitinta na GMO masana ne daga jami'o'i da cibiyoyi da ake zaɓa na wani wa'adi, ba ma'aikatanta na dindindin ba. Perry sai da ya gama shekarunsa na gona sannan ya shiga kwamitin a 2006, daga baya ya shugabance shi daga 2012 zuwa 2015. Ƙofar da matashi ke shiga ita ce ta ma'aikacin kimiyya a irin wannan hukumar ko a takwarorinta na ƙasashe, ko sashen da ke haɗa fayil a kamfanin iri, ko ɗakin gwajin da ake ba kwangilar yin gwaje-gwajen. A Amurka aikin rabe yake tsakanin hukumomi uku, ta noma da ta muhalli da ta abinci da magani, bisa tsarin da aka shimfiɗa tun 1986. A matakin duniya kuma akwai yarjejeniyar Cartagena da aka amince da ita a 2000 ta fara aiki a 2003, wadda ta sa ƙasashe da yawa suka kafa nasu ofisoshin, ma'ana guraben aikin sun fi yanda mutane ke zato.

Babban bambanci a lissafin shi ne tambayar ta juye. A binciken muhalli kana neman nuna akwai bambanci, in baka gani ba sai ka ce ban gani ba ka wuce. A tantance haɗari wannan amsar haɗari ce da kanta, domin hanya mafi sauƙi ta rashin ganin bambanci ita ce ka yi ƙaramin gwaji mara ƙarfi. Fuloti uku, lambobi a warwatse, shikenan ba bambanci, kowa ya tafi gida. Shi ya sa a 2010 EFSA ta fitar da ƙa'idar cewa gwaji biyu za a yi tare. Ɗaya na bambanci, tsakanin irin GMO da ɗan'uwansa mafi kusa da ba a taɓa ba. Ɗayan na daidaito, wato a shuka wasu irin kasuwa da aka daɗe ana ci, aƙalla shida, a wurare aƙalla takwas, a ga iyakar yanda su kansu suke bambanta da juna, sannan a duba ko irin GMO ya faɗa cikin wannan iyakar. A ce misali wani sinadari a masarar GMO ya fi na ɗan'uwanta da kashi 4 cikin 100 kuma lissafi ya tabbatar bambancin na gaske ne, amma irin kasuwa su kansu tsakaninsu ana samun tazarar kashi 20, toh akwai bambanci amma bai fita daga abinda aka saba ci ba. Akasin haka ma na faruwa, ba a ga bambanci ba amma kuma an kasa nuna daidaito don lambobin sun yi warwatse, sai a koma wa kamfani a ce ƙaro bayani. Kuma ba sinadari ɗaya ake aunawa ba, gommai ne, in ka gwada abu 80 dole wasu su fito da bambanci bisa sa'a kawai, aikinka ne ka ware na sa'a da wanda ya kamata a bi. In irin wannan tunanin yana burge ka, gaskiya za ka ji daɗin aikin.

Sai wa'adi. Doka ta ba hukumar wata shida ta fitar da ra'ayinta, agogon yana tsayawa duk lokacin da aka nemi ƙarin bayani, shi ya sa a zahiri abin ke ɗaukar shekaru, amma dai ƙarshenta dole ka rubuta wani abu. Mai bincike yana da gatan cewa sai an ƙara nazari. Kai baka da shi. Za ku iya shafe rabin yini mutum goma sha wani abu kuna jayayya kan kalma ɗaya, a rubuta da wuya ya cutar ko a rubuta ba a sa ran ya cutar, kuma ba wasa bane don lauyoyi da 'yan majalisa za su karanta wannan jimlar. Bayan duk wannan ma ba ku ke yanke hukunci ba, ku tantancewa kawai kuke, amincewa ko ƙi na Hukumar Tarayyar Turai ne da ƙasashe mambobi, kuma sau da yawa ƙasashen ba sa samun rinjayen da ake buƙata ko ta wane ɓangare. Masarar MON810, irin Bt, wato wadda aka sauya don ta riƙa samar da gubar kashe tsutsa da kanta, da aka amince da nomanta tun 1998 ita kaɗai ce GMO da ake nomawa don kasuwa a Tarayyar, mafi yawa a Sifaniya, ƙasashe da dama kuma sun hana ta a ƙasarsu. In kai mutum ne da ke son ganin aikinsa ya zama wani abu a ƙasa, wannan zai riƙa ci maka rai.

Zafin jama'a kuwa, nan ne mutane da yawa ba sa shiryawa. Misalai biyu sun isa. A 1999 John Losey da abokan aikinsa a jami'ar Cornell suka wallafa a mujallar Nature cewa tsutsar malam buɗe littafi na monak da ta ci ganyen da aka barbaɗa wa ƙurar furen masarar Bt ta mutu da yawa, kashi 44 cikin 100 a kwana huɗu. A ɗakin gwaji ne. Duniya ta ɗauka. Sai da aka yi shekara biyu ana aikin gona, nawa ne ƙurar ke sauka kan ganye a zahiri, nisan mita nawa daga gonar, shin lokacin furen ya zo daidai da lokacin tsutsar, ruwan sama na wanke nawa, sannan a 2001 jerin bincike ya fito ya nuna haɗarin ƙanƙani ne ga irin da aka fi shukawa, duk da akwai wani iri ɗaya mai yawan guba a ƙurarsa wanda aka daina. Kaga Losey bai yi ƙarya ba, gubar na iya kashewa, amma iya kashewa daban, yawan haɗuwa da ita a fili daban, kuma haɗari shi ne biyun a haɗe. Irin wannan lissafin ne Perry da wasu suka yi wa malam buɗe littafin Turai da masarar MON810 a 2010, kuma duk lambobin da ake zubawa a cikin irin wannan hasashen daga masu ƙirge a gona suke fitowa.

Na biyu shi ne na Gilles-Éric Séralini a Satumban 2012, ɓeraye da manyan ƙari a jiki, hotuna ko'ina, an ce masarar GMO mai suna NK603 da maganin ciyawa ne suka jawo. Ɓeraye 200 ne amma an raba su goma goma a kowane rukuni, jinsin kuma Sprague-Dawley ne wanda dama in ya tsufa ƙari na yawan fito masa ko me ya ci, aka kuma riƙe su shekara biyu. Ƙa'idar gwajin cutar daji ta ƙasa da ƙasa tana neman maza 50 mata 50 a kowane rukuni. Da goma, in rukuni ɗaya ya samu biyar ɗaya ya samu takwas ba ka da bakin cewa komai. EFSA ta ce tsarin binciken bai isa a yanke hukunci da shi ba, mujallar da ta buga shi ta janye shi a Nuwamban 2013, wata mujallar ta sake buga shi a 2014. Toh ka sa kanka a kujerar wanda zai fito ya yi wa jama'a bayanin yawan samfur alhali su hoton ɓera suke kallo. Za a ce an saye ka. In kuma wata rana ka ce wa kamfani gwajinka bai isa ba, ko ka ba da shawarar a bar tazara tsakanin gona da mazaunin wani ƙwaro, ɗaya ɓangaren ya ce kana hana ci gaba. Ko masu binciken gona ba su tsira ba, a 2012 sai da 'yan sanda suka tsare gonar gwajin alkamar GMO a Rothamsted saboda masu zanga-zanga sun yi alwashin tumɓuke ta, abin dariyar shi ne da sakamakon ya fito a 2015 alkamar ba ta ma kori darɓar ba a fili kaman yanda ta yi a ɗakin gwaji, kuma masu binciken da kansu suka wallafa hakan.

Akwai kuma maganar alaƙa. A wannan hanyar duk wanda ya taɓa ba ka kuɗin bincike ko ya biya maka kuɗin jirgi zuwa taro sai ka rubuta shi a takarda, kuma takardar a bainar jama'a take. In ka fara da kamfanin iri, albashi ya fi, horon ma mai kyau ne don za ka ga yanda ake haɗa fayil daga tushe, amma ka sani kujerar kwamiti za ta yi maka nisa na wasu shekaru, wasu ma har abada za su riƙa jingina maka. Wannan ba ƙaramin abu bane da za ka yanke don kawai albashin farko ya burge ka.

Ta fannin abinda za ka koya, duka biyun suna son ka iya manhajar R da tsarin lissafi mai haɗa tasirin wuri da na shekara da na iri. Bayan wannan sai su rabu. Gona za ta tura ka lissafin sarari da na dogon lokaci da yanda ake ƙiyasta abinda baka gani ba, don rashin kama ƙwaro a tarko ba ya nufin baya nan. Tantancewa za ta tura ka ƙarfin gwaji, gwajin daidaito, ɗan ilimin guba, karatun doka, da rubutun da ba ya barin ƙofa biyu. Na ƙarshen nan fa fasaha ce mai zaman kanta kuma masu bincike da yawa ba su iya ta ba.

Dalilin da ya sa nake cewa gona tukuna shi ne tsallakawa ta fi sauƙi ta wannan ɓangaren. Wanda ya yi shekara takwas ko goma yana tsara gwaji, ya ga yanda tarko ke cika da ruwan sama, ya san ma'aikaci na gajiya da yamma ƙirgensa ya ragu, in ya buɗe fayil ɗin kamfani hancinsa kaɗai zai kai shi shafin da matsala take, dokar kuma zai koye ta cikin shekara. Amma wanda ya yi shekara goma a ofishin tantancewa in ya so dawowa jami'a za a tambaye shi ina wallafe-wallafenka, kuma yawancin aikinsa da sunan hukuma ya fita ko yana cikin bayanan sirrin kamfani. Ana dawowa, amma da wahala.

Su wa shawarata za ta cutar? Wanda ke da nauyin iyali yanzu yanzu kuma ba zai iya rayuwar kwantiragin shekara biyu da ƙaura daga gari zuwa gari ba, wannan ya kama aikin hukuma ba tare da jin ya gaza ba. Sai wanda ya san kansa, ba shi da wata tambaya da ke hana shi barci, amma in aka ba shi aikin wani yana da idon gano inda aka yi ha'inci ko sakaci, wannan ai mai tantancewa ne tun asali, zaman jami'a zai wahalar da shi ne kawai. In kai ne wannan, abu ɗaya nake roƙonka, ka nemi ko damina ɗaya ce ka bi masu gwajin gona, ka riƙe kofin da hannunka. Wanda kuma bai iya jure zagi daga mutanen da ba su karanta abinda ya rubuta ba, ko yana da ra'ayi mai zafi kan GMO ta kowane ɓangare wanda ya san lambobi ba za su sauya masa ba, ya yi nesa da tantancewa, zai cuci kansa ya cuci aikin.

In har yanzu kana tsaka-tsaki, ga gwajin da ba zai ci maka ko sisi ba. Ra'ayoyin EFSA a buɗe suke a intanet kyauta, ɗauko ɗaya kan wata masara ko waken suya, ka karanta sashen kwatanta sinadarai da na tasiri kan ƙwarin da ba su ake nufi ba, ka rubuta tambayoyi uku da za ka yi wa kamfanin da kai ne a kujerar. Sati na gaba ka nemo buɗaɗɗen tarin ƙirgen ƙwari ko tsuntsaye na shekaru masu yawa, suna nan birjik, ka zana warwatsuwa a kan matsakaici ka ga ko layin Taylor zai fito maka, sannan ka nemo lambar da ta fi kowacce girma a teburin ka bi diddiginta, wane tarko ne, wace shekara, me ya faru a wannan watan. Ka lura da wanne daga cikin biyun ka duba agogo kana yi.